Kobelayit ko dutsen ɗawisu, wanne ya kamata mutum ya zuba kuɗinsa a kai?

Satin da ya wuce bayan la'asar ɗan yayata ya same ni a shago a Ƙofar Ruwa, ko zama bai yi ba ya miƙo min waya wai Kawu dan Allah duba min waɗannan. Yaron zobban azurfa da carbi da tsakiya yake sayarwa a cikin Kurmi, to kwanan nan ya fara samun wasu kwastomomi 'yan gayu da ba zobe suke nema ba, dutsen kansa suke so, a ɗora a falo ko kan teburin ofis ana kallo. Hoto biyu ya nuna min. Na farko dutse ne shuɗi mai duhu yana sheƙi kamar an shafa masa mai, na biyun kuma kala-kala, shuɗi da shunayya da kore da ruwan gwal duk a jiki ɗaya. Mai na farkon ya ce sunansa kobelayit, ɗan ƙarami ne amma kuɗinsa ya ninka na biyun ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, shi kuwa na biyun an ce bonayit ne, dutsen ɗawisu, a kilo ma ake sayar da shi kamar dankali. Wai wanne zai yi oda?

Ni dai tayil nake sayarwa yanzu, amma jiyoloji na karanta a jami'a kafin kasuwa ta ɗauke ni, shi ya sa duk ɗan uwan da ya tsinci dutse mai ƙyalli a gona ni yake kawo wa. Na ce masa zauna tukunna, ai ba duwatsu biyu ba ne a gabanka, uku ne, na ukun ya ɓuya a bayan sunan na biyu, kuma shi ne ma wanda ya fi yiwuwa ya zo maka a kwali.

Duka ukun 'yan gida ɗaya ne, jan ƙarfe ne ya haɗu da farar wuta. Kobelayit shi ne wanda ba shi da gauraye, jan ƙarfe ɗaya farar wuta ɗaya, a littafi ana rubuta shi CuS, kuma wajen kashi 66 cikin ɗari na nauyinsa jan ƙarfe ne. Bonayit akwai baƙin ƙarfe kaɗan a cikinsa, Cu5FeS4, jan ƙarfensa wajen kashi 63. Na ukun sunansa kalkofirayit, CuFeS2, shi jan ƙarfen nasa bai wuce kashi 35 ba, amma shi ne ya cika duniya, mafi yawan jan ƙarfen da ke cikin wayar wutar gidanka daga jikinsa aka narko. To shi wannan na ukun asalin kalarsa rawaya ce irin ta tagulla, 'yan kasuwa ne suke tsoma shi a asid sai fatarsa ta rikiɗe ta zama kala-kala, su sa masa suna dutsen ɗawisu, wasu ma su ƙara da cewa bonayit ne. Yawancin abin da ake tallatawa a intanet da sunan ɗawisu wannan ne. Kama da wane ba ta wane.

Bari in daɗe kaɗan a kan kobelayit tunda shi ne mai tsadar kuma shi ne mutane ba su sani ba.

In kana son ka gane kalarsa ba sai ka je Turai ba, ka tuna rawani ɗan Kura ko turkuɗi da ya sha baba ya sha bugu, wannan shuɗin mai duhu da in rana ta doke shi sai ka ga wani ja-ja ko ruwan makuba yana yawo a kai. Wallahi ranar da na fara ganinsa a ɗakin gwaji abin da ya faɗo min kenan, kamar an ɗauko ƙyalle daga marinar Ƙofar Mata an mayar da shi ƙarfe. Kuma shuɗin nan ba a fata kaɗai yake ba, in ka fasa shi cikin ma shuɗi ne, wannan shi ne babban abin da ya raba shi da sauran biyun, ka riƙe shi da kyau don za mu dawo kansa. Sunan kuma na wani Ba'italiye ne, Nikola Kobelli, wanda ya same shi a jikin dutse mai aman wuta na Besubiyos kusa da birnin Nafoli, aka raɗa wa dutsen sunansa a 1832 bayan ya rasu. Can hayaƙin dutsen ne ke daskarar da shi a bakin ramuka, amma wannan ba ita ce hanyar da ya fi samuwa ba.

Yadda ya fi samuwa shi ne, a ce akwai tamar jan ƙarfe a ƙasa, ruwan sama da iska suna cin na saman shekaru dubbai, farar wutar da ke ciki ta zama asid, asid ɗin ya narke jan ƙarfen ya gangara da shi ƙasa kamar yadda ruwa ke wanke kanwa daga toka. A sama sai a bar jan dutse mai tsatsa da ramuka-ramuka, ƙasa da shi kaɗan ka ga kore da shuɗi masu haske, su malakayit da azurayit. In ruwan nan ya kai inda ƙasa ke jiƙe kullum, inda iska ba ta kaiwa, sai jan ƙarfen ya sake kama jikin tamar da ke wajen, ya kori baƙin ƙarfe ya zauna a gurbinsa. A nan ake samun kobelayit da yayansa kalkosayit, wani baƙi-baƙi marar kyan gani amma jan ƙarfensa ya kusa kashi 80. Masu haƙa suna son wannan shimfiɗar sosai don ita ce kitsen ramin.

To in haka ne me ya sa ake cewa kobelayit yana da wuyar samu? Saboda a mafi yawan wurare ɗan shafe ne kawai, siririn fenti a jikin wani dutsen, ko gari-gari kamar kunkunniya, ba abin da za ka ɗauka ka ɗora a tebur. Wanda ya fito falle-falle masu kusurwa shida, ko dunƙule guda da za a iya yankawa, wuraren da suka ba da shi 'yan kaɗan ne a duniya. Wanda ya fi suna shi ne na garin Biyut a jihar Montana ta Amurka, musamman ramin Leonard, sai na ramin Kalabona kusa da Algero a tsibirin Sardiniya na Italiya, sai Bor a Sabiya, da Samitbil a Kolorado, da Kenikot a Alaska. Kuma yawancin waɗannan ramukan an daina aiki a cikinsu. Na Biyut tun 1982 aka kashe injinan da ke zuƙe ruwa daga ramukan ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya cika su, don haka duk wani kyakkyawan kobelayit na can da ka gani a kasuwa tsohon ajiya ne, daga hannun wani ya koma hannun wani. Ka ga kuwa dole ya yi tsada. Dutse ne na masu hannu da shuni, ga shi kuma shi kansa shunin ne. Wanda ake yankawa a goge a yi ƙwayar sarƙa da shi yawanci dunƙulallen ne, za ka ga ana cewa daga Feru yake, sau da yawa da ɗigo-ɗigon rawaya na firayit a jiki, wani ma'adini mai ƙyalli kamar gwal, shi bai kai mai fallen tsada ba.

Wani abu da ke burge ni da shi wanda ba ruwan kwastoma da shi, yana ɗaukar wutar lantarki kamar ƙarfe, kuma in aka sanyaya shi ƙasa da kelbin 1.6, wato kusan digiri 271 ƙasa da sifili, wuta na wucewa ta cikinsa ba tare da ko ɗan cikas ba. Shi ne ma'adini na farko daga ƙasa da aka tabbatar yana da wannan halin. Na faɗa wa yaron ya ce Kawu to wannan zai ƙara masa kuɗi ne? Na ce a'a, amma ka samu abin faɗa in ana shan shayi.

Yanzu ga aibinsa, kuma babba ne. Laushi. Akwai ma'aunin taurin duwatsu da wani Bajamushe mai suna Mos ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, na ɗaya shi ne dutsen da ake hoda da shi, na goma daimon. Farcen mutum yana wajen 2.5, wuƙa da gilashi wajen 5.5, yashi 7. Kobelayit yana tsakanin 1.5 da 2. Ma'ana da farcenka za ka karce shi. Ga shi kuma yana ɓarewa falle-falle ta fuska ɗaya kamar albasa, siraran fallen har lanƙwasuwa suke yi. Bonayit yana wajen 3, kalkofirayit 3.5 zuwa 4. Aƙiƙ ɗin da muka saba sawa a zobe yana 6.5 zuwa 7, fairuz 5 zuwa 6. Sai ka kwatanta da kanka.

Shi ya sa da ya ce min yana tunanin ya kai wa maƙeri a ɗora masa kobelayit a kan azurfa na ce kar ka soma. Zoben Bakano wahala yake sha, alwala sau biyar a rana, gaisawa da mutum ɗari, hannu a aljihu tare da mukulli, riƙe kan babur, ga gumi, ga ƙurar hunturu wadda yawancinta garin yashi ne mai taurin 7, ko da hankici ka goge dutsen da ƙurar a kai kamar ka sa masa sandfefa ne. Sati biyu ya yi yawa sheƙin zai tafi, kwastoma ya dawo yana cewa ka sayar masa da roba. In dole sai an sa shi a jiki to a sarƙar wuya ko abin maƙala wa riga, a kewaye gefensa da azurfa sosai, kuma a nemi wanda aka riga aka shayar da shi gam mai ƙarfi, masu yankan dutse suna yin haka ga duwatsu masu laushi. Amma fa kar wani ya ɗauka sauran biyun sun tsira, su ma ba na zobe ba ne, don kalarsu a fata take, ana gogawa tana tafiya. A maganar zobe duka ukun sun faɗi, aƙiƙ ɗinka ya fi maka.

Bonayit na gaskiya shi ma dutse ne mai daraja, ba na so a ji kamar na raina shi. Sunan wani masanin ma'adinai ne na ƙasar Ostiriya, Ignaz fon Born, aka sa masa a 1845. In ka fasa shi sabo kalarsa ja-ja ce mai ruwan ƙasa, tsakanin jan ƙarfe da tagulla, har masu haƙa a yankin Konwol na Ingila suke kiransa tamar naman doki don ya yi kama da ɗanyen nama. Ka bar shi a iska kwana kaɗan sai ya fara rufewa da shunayya da shuɗi shi da kansa ba wanda ya taɓa shi. Kalar nan ba rini ba ce, wani siririn tsatsa ne haske ke wasa a cikinsa, irin dai abin da kake gani in baƙin mai ya zuba a kan ruwan kwata bayan an ɗauke ruwan sama. Yana da yawa a ramukan jan ƙarfe na duniya, ana haƙo shi a matsayin tama sosai, a Biyut ɗin ma akwai shi, akwai a Meziko da Feru da Chile, masu kyakkyawar siffa kuma an san Jezkazgan ta Kazakistan da su. Kalarsa ta fi nutsuwa, shunayya mai duhu da shuɗi ne suka fi yawa, kuma da shekaru yakan ƙara duhu har wani ya koma kusan baƙi. Shi kuwa kalkofirayit ɗin da aka tsoma a asid kalarsa ihu take yi, ruwan hoda da kore shar da rawaya da shuɗi mai haske kamar kayan amarya ranar kamu. In ka ga hoto ya cika kyau kuma farashin ya cika sauƙi, to kusan ka san amsar.

Amma ban ce na asid ɗin haramun ba ne ko jabu. Dutse ne na gaske daga ƙasa, kwalliya kawai aka yi masa. Matsalar sunan ce da farashin. In ka saye shi a kuɗin kalkofirayit ka sayar da shi a matsayin kalkofirayit da aka yi wa ado, ba wanda ka cuta, yara suna sonsa, masu ba da kyauta suna sonsa, yana da saurin fita, kuma in ɗaya ya faɗi ya fashe ba za ka kwana kana lissafi ba. In kuwa ka ce wa mutum bonayit ne alhali ka san ba shi ba ne, to ka ɓoye aibin kaya, kuma Kurmi kasuwa ce da labari ke zagayawa kafin azahar.

To yaya za ka bambance? Nan ne sana'ata ta tayil ta yi rana. Kayan gwajin duk suna gidanka: farce, guntun wayar wuta ta jan ƙarfe, ƙaramar wuƙa, ɗigon ruwa, da fasasshen farin tayil wanda za ka yi amfani da bayansa inda ba a goge ba.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne ka ga cikin dutsen. Nemi wani lungu a ƙasansa inda ya ɗan ɓalle, ko ka karce da bakin wuƙa a wurin da ba za a gani ba. In rawaya ta leƙo kamar tagulla, kalkofirayit ne, an gama magana. In ja-ja mai ruwan ƙasa ne, bonayit ne, ka bar shi kwana biyu za ka ga wurin ya fara komawa shunayya. In cikin ma shuɗi ne mai duhu, to kana kan hanyar kobelayit. Daga nan sai farce, kobelayit zai karɓi farce, sauran biyun ba za su karɓa ba. Kalkofirayit kuma shi zai iya karce wayar jan ƙarfe. Sai ruwa, wannan shi na fi so don ko ta bidiyo ana iya yi, ka ɗiga ruwa a kan kobelayit shuɗin nan sai ya juya ya koma shunayya nan take, ya bushe ya dawo shuɗinsa. Zanen da dutsen ke bari in ka goga shi a bayan tayil yana taimakawa amma yana son ido, kalkofirayit yana barin baƙi mai ɗan kore, bonayit baƙi mai toka-toka, kobelayit ruwan dalma zuwa baƙi kuma zanen yana ɗan sheƙi. Kar dai ka goga mai tsadar a tayil ta fuskarsa mai kyau, ka yi asara da hannunka.

Akwai kuma na nauyi ga wanda yake da ƙaramin sikeli irin na masu gwal. Ka auna dutsen, sannan ka ɗora kofin ruwa a sikelin ka mayar da shi sifili, ka ɗaure dutsen da zare ka nutsar da shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba, abin da sikelin ya nuna sai ka raba nauyin farko da shi. Kalkofirayit zai ba ka 4.1 zuwa 4.3, kobelayit 4.6 zuwa 4.8, bonayit wajen 5. Wannan yana aiki ne kawai in dutsen zalla ne, in akwai farin dutse ko wani abu manne da shi lissafin ya rushe. Ka shanya shi sosai bayan nan.

Wani kuma zai iya kawo maka azurayit ko lazward ya ce kobelayit ne don duk shuɗi ne. Wannan mai sauƙi ne, su ba su da sheƙin ƙarfe, ba su kai shi nauyi a hannu ba, kuma zanensu a tayil shuɗi ne ba baƙi ba.

Sai maganar ajiya, don Kano tana da lokaci biyu da kowanne ke cin irin waɗannan duwatsun ta hanyarsa. Hunturu ƙura, damina laima. Duk dutsen da ke da farar wuta ba ya son laima, musamman in akwai firayit a jikinsa, wani sai ka ga ya fara fitar da farin gari ko kore-kore yana wari kamar ashana, in ya fara haka ya kama hanyar lalacewa. Kobelayit sai a akwatin gilashi ko roba mai murfi, a kan auduga ko soso, da 'yar jakar nan mai tsotse laima da ke zuwa a kwalin takalmi, ba a goge shi da tsumma, hura masa iska ake yi, kuma ba a barin kowane mai wucewa ya ɗauka ya juya. A shagon Kurmi inda kowa sai ya taɓa kafin ya tambayi kuɗi, wannan aiki ne. Ɗawisun asid ya fi jure hannu amma shi ma man hannu da gumi suna dusashe kalar a hankali. Haka wajen kawowa, kilo guda na ɗawisu ko an jefa kwalin daga kan tirela abin da zai same shi kaɗan ne, kobelayit mai falle kuwa in ba a naɗe shi da kyau ba gari za a kawo maka, kuma wanda ya sayar yana wata ƙasa, wa za ka kama?

Dan Allah abu ɗaya da ba wasa a cikinsa. Masu tallan nan na intanet suna rubuta cewa dutsen yana buɗe basira, yana kore baƙin ciki, har da masu cewa a jiƙa a sha ruwan. Ni ban yarda da ko ɗaya ba, jiƙawar kuma hatsari ce, jan ƙarfe in ya yi yawa a ciki guba ne, kuma irin waɗannan duwatsun sau da yawa suna tare da dalma ko asenik. Kar a daka, kar a niƙa a gida, kar a haɗa da kwalli don an ga yana sheƙi kamar tozali, kar a sa a wuta don hayaƙin farar wuta yana shaƙe ƙirji. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙa dutsen gwal mai dalma a cikin gidaje. A wanke hannu bayan an taɓa, a ɗaga shi daga inda yaro zai kai baki.

Ya tambaye ni ko ba za a samu a gida Najeriya ba a huta da dala. Kalkofirayit kam akwai, yana fitowa tare da dalma da zink a ramukan kwarin Binuwai, irin su wajen Abakaliki da Zurak, har a nan jiharmu a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa inda aka san ta da kuza akwai shi jefi-jefi a jikin jijiyar tamar. Don haka in wani ya zo maka da rawayan dutse mai ƙyalli a leda ya ce gwal ne, sau da yawa shi ne ko firayit, gwal in ka buga shi bajewa yake, waɗannan farfashewa suke. Wanda kuma ya zo maka da shuɗin dutse ya ce kobelayit ne daga wani rami na kusa, kar ka ƙaryata shi kar kuma ka gaskata shi, ɗauko farce da ruwa. In harkar ta girma ta wuce 'yan ƙwayoyi na kwalliya ta koma buhu-buhu, ka sani dokar ma'adinai ta 2007 tana buƙatar lasisin saye da mallaka daga ma'aikatar ma'adinai ta tarayya, kuma a wannan matakin ba kala ake saye ba, sakamakon gwajin lab ake saye, kashi nawa ne jan ƙarfe a ciki.

To abin da na ce masa ya yi. Wanda yake farawa, jarinsa ba yawa, kwastomominsa kuma kyau suke nema ba suna ba, ya ɗauki ɗawisu, amma ya saye shi da sanin cewa kalkofirayit ne, ya taya shi a haka, ya sayar da shi a haka. Malamin makaranta ko ɗalibin jiyoloji da ke son samfurin koyarwa ya nemi bonayit na gaskiya ko da bai kai kyau ba, don ɗalibi ya ga jan ciki da shunayyar waje da idonsa ya fi masa shafi goma na littafi. Kobelayit kuwa ni a ganina ba kayan da za ka tara a shago kana jiran mai saye ba ne, sai in ka riga ka samu mutumin da ya san shi, ya nema da sunansa, ya ba da kafin alƙalami. A lokacin ma ka nemi takardar da ke nuna ramin da ya fito, don a wajen masu tara duwatsu wannan 'yar takardar wani lokacin rabin kuɗin ce, kobelayit da aka san na Leonard ne ko na Kalabona ba ɗaya yake da wanda ba a san garinsu ba. In son zuciyata za a bi ni kobelayit zan ɗauka, ko ɗan kamar ƙwayar dabino, in sa a gilashi ina kallo, amma ni ba jarin yaro zan saka a son zuciyata ba.

Kuma ko wanne ne kar a yi cinikin biri a sama. Na sa shi ya tura wa mutanen biyu saƙo a gabana, mai kobelayit ya ɗiga ruwa a kai ya ɗauki bidiyo a hasken rana ba na fitila ba, mai ɗawisu kuma ya fasa ƙwaya ɗaya da guduma ya nuna cikin, tunda a kilo yake sayarwa ƙwaya ɗaya ba za ta talauta shi ba.

Mai ɗawisun ya turo nasa washegari da safe. Rawaya ce shar a ciki kamar sabuwar tasa. Yaron ya kira ni yana dariya wai Kawu ka ga mutumin nan ko kunya, ya ce ai duk ɗaya ne a wajensu haka ake kiransa. Na ce to ka ce masa tunda duk ɗaya ne ya rage kuɗin, ya kuwa rage, an yi odar rabin kilo a gwada kasuwa. Mai kobelayit ɗin har yau bai turo bidiyon ba, ya dai ce dutsen yana wajen ɗan uwansa a wani gari. Na yanko wa yaron guntun farin tayil da ɗan tsinken waya na ce ya ajiye a durowar shago kusa da sikeli.